Ɗari Biyar Kuɗin Tabo

Litinin, kwana tara, da hantsi

Amarya ce ke rubuta mini wannan, matar ɗana Dogo. Shekararta goma sha uku a gidan nan, har furfura ta fara leƙo mata, amma ni Amarya na sani, ba zan koyi sabon suna da tsufana ba. Ni ban yi karatu ba, alƙalami ma ban san ta inda ake kama shi ba.

Mutumin ofishin da muka kai cigiya ne ya ce mu riƙa rubuta komai, inda muka je, wanda muka tambaya, rana da lokaci. Wai yana taimakawa. Ban ga abin da zai taimaka ba, amma an riga an sayi littafin.

To rubuta. Dogo ya fita da motar kaya ranar Asabar ta wancan makon, da sassafe. A tsaye ya sha shayinsa. Ya ce in ya dawo zai gyara mini ƙofar ɗaki, ta dame shi da kuka. An ga motar, in ji su. Ban tambayi yadda aka gan ta ba, ke ma kada ki sa abin da kika ji a bakin mutane.

Mutumin ofis ya ce mu kawo hoto, mu kuma raba a tasha da asibiti. Wayar da ke da hotuna tana aljihun Dogo, katinsa ma yana can. Shi kuwa mutum ne da ya tsani hoto, ko ranar aurenku ƙeya ya juya wa mai ɗauka, kin tuna. Guda ɗaya ne tak, ɗan ƙarami a cikin gilashi, wanda ya ɗauka shekarar da ya samu lasin. Yana rataye saman gadona, daidai inda rufi ke yoyo duk damina.

Amarya ta sauko da shi ta ce, "Inna, ruwa ya shiga. Goshin ya manne da gilashi, girar duk ta narke."

Ni ban gani ba. Yanar ido ta rufe mini gani shekara uku ke nan, komai kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace nake hangensa. Ashe duk safiya gaisawa nake yi da rabin fuska.

Talata, kwana goma, bayan la'asar

Mun je wurin mai hoto. Ba shi da shago. Tebur ne ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran agogo. Kwamfuta ɗaya, sai injin buga hoto da ya lulluɓe da tawul kamar jariri mai mura. In mutum ya hau benen, ƙura ta zubo masa a ka, ya hure ya ci gaba.

Ya juya hoton ya duba ya ce, "Mama, in na ɓamɓare shi daga gilashin, sauran fuskar ma za ta bi. Ta bayan gilashi zan ɗauko shi, in gyara, sannan in wanke miki."

Na ce, "Ɗan nan, ruwa ne ya ɓata shi, kai kuma ka ce za ka wanke?"

Ya yi dariya. Ya ce suna ne kawai ya rage tun zamanin ubangidansa, yanzu babu ko ɗigon ruwa a aikin, tawada ce.

Sai ya fara lissafi. Ɗauko shi ta gilashi, dubu ɗaya. Gina goshi da gira, dubu uku. Bugawa kuma iri biyu ne. Farar takarda hamsin hamsin, amma gumin hannu kaɗai zai goge mutum. Mai sheƙi ɗari biyu kowanne.

Na ce, "Goshi kaɗai dubu uku? Ɗan nawa gaba ɗayansa ungozoma ba ta karɓi haka ba."

Ya ce, "Mama, ita ungozoma a haɗe ta same shi."

Mai agogo ya ƙyalƙyale har abin idonsa ya faɗo. Ni ma na kusa. Kada ki rubuta na kusa.

Na taya kamar yadda ake taya tumatir. Na miƙe zan tafi sau biyu, bai kira ni ba, na dawo da ƙafata. Ya ce tawada kala shida injin ke sha, kwalba ɗaya ta fi buhun gawayi tsada. Takarda daga waje take zuwa, duk wata da sabon kuɗinta. In an ɗauke wuta mai agogo ke ba shi layi daga janaretonsa, kuma ba don Allah yake ba shi ba. In inji ya ja takarda a karkace, asarar a kansa take. Ya ce ribarsa a hoto ɗaya ba ta kai kofin shayi ba. Ƙarshe dai ya ce in hamsin za mu yi masu sheƙi, ya bar mini ɗari da hamsin kowanne.

Har mun shirya sai ya ce akwai kuma babba, mai katako a gefe, dubu takwas, irin wanda iyalai ke yi don tunawa.

Na ce, "Tunawa da wa? Nema muke yi."

Ya ce in yi haƙuri. Ya gyara tawul ɗin injinsa, alhali a gyare yake.

Kuɗin na gwangwani ne, wanda Dogo ke jefa wa abu duk ƙarshen wata don a yi mini aikin ido. In ya dawo ya yi faɗa. Ina so ya yi faɗan.

Laraba, kwana goma sha ɗaya, da safe

Ƙofar tana nan tana kuka. Kowa ya shigo sai na ɗaga kai.

Alhamis, kwana goma sha biyu, da azahar

Mai hoto ya ce mu zo mu duba kafin ya buga, don in ya buga babu komawa. Na kai fuskata jikin kwamfutar har hancina ya taɓa. Idon Dogo ne, bakin Dogo ne, kunnuwan nan kamar na kofi. Amma goshin sumul yake, kamar na ɗan da bai taɓa shiga rana ba.

Na ce, "Goshin wa ka ara masa?"

Ya sosa kai. Ya ce na wani ma'aikacin banki ne da ya zo hoton kati, launinsu ɗaya.

Na ce to ɗana bai taɓa zama a inuwa ba, amma wannan na yafe. Abin da ba zan yafe ba, ina tabon? Dogo yana da tabo a gira, ya raba ta biyu, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Yana shekara huɗu ya faɗa kan bakin bokitin ƙarfe, ina shanya, na juya baya ke nan. Duk tasha da shi aka san shi. In babu tabon, ko yaran motarsa za su ce ba su san wannan ma'aikacin bankin ba.

Ya ce zai zana da hannu, gashi ɗaya ɗaya, aikin awa guda ne. Ɗari biyar.

Na ce, "Tabon da bokiti ya ba shi kyauta?"

Ya ce, "Mama, bokiti ba ya biyan kuɗin wuta."

Na ce ya sa. Ya ɗauki biro ya ce, "Hagunsa ko damansa?"

Na ce hagu.

Amarya tana bayana ta ce a hankali, "Inna, ina ga kamar dama ce."

Raina ya ɓaci, a gaban mutane. Na ɗaga mata hannun nan na ce da shi na danne jinin har muka kai wurin mai ɗinke rauni. Da shi nake shafa wurin in yana zazzaɓi, har ya yi gemu bai hana ni ba. Hannun hagu, ya san wurin ko a duhu. Na ce shekara arba'in da ɗaya nake kallon fuskar nan, ke yaushe kika zo?

Ta ce, "To Inna. Ke kika haife shi."

Mai hoto ya rubuta hagu.

Ga ki nan kina rubutawa kina sunkuyar da kai. Ba zagin ki na yi ba. Maganar ce ta fito da ƙaya.

Asabar, kwana goma sha huɗu, da yamma

Mun karɓo. Hamsin cif, ya ƙirga a gabana, ya ɗaure da roba, ya ƙara guda biyu gyara kamar mai sayar da albasa. A ƙasa ya rubuta lambar wayar Amarya, bai karɓi komai a kan wannan ba.

Suna da ɗumi da ya miƙo mini, sabon fitowa daga inji. Na sa su cikin zani a ƙirji. Har muka iso gida ɗumin bai gama tafiya ba.

Na ce Amarya ta duba mini. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya yi kama, Inna." Na ce kama kawai? Ta ce ita yanzu ko ta rufe ido ba ta iya tsayar da fuskar wuri ɗaya, yawo take yi mata.

Ƙanena mai aski ya zo. Ya zauna bakin tabarma yana juya hularsa. Ya ce, "Yaya, mako biyu fa. Ya kamata a fara tunanin..." Na ce a kawo masa ruwa, da alama maƙoshinsa ya bushe. Mata biyu ma sun zo da irin muryar nan ta ƙasa ƙasa. Na ce musu ba a yi komai a gidan nan ba, in hira suka zo su ɗaga murya.

Lahadi, kwana goma sha biyar, da safe

Gobe Amarya za ta bi hanyar da ya bi, gari gari, da hoto talatin. Ta ce kwana huɗu. Ni da ƙanena mu yi cikin gari da sauran. Littafi zai huta, ba mai rubutawa.

Ta share ɗakinsa kafin ta tafi. Na ce ta bar takalmansa yadda ya cire su.

Juma'a, kwana ashirin, bayan la'asar

Amarya ta dawo, ƙafa ta kumbura, hoto uku ya rage mata. Babu wanda ya ce ya gan shi. Wani mai shayi ya karɓa ya manna a jikin teburinsa, wani ya naɗe nasa ya yi fifita a gabanta. Ɗari da hamsin, fifita.

Zauna ki rubuta nawa, ni ina da labari mai daɗi, tun Talata nake riƙe da shi kamar kaza da ƙwai.

Litinin muka yi tasha. Kowa ya karɓa ya ce Allah ya bayyana, ba wanda ya haɗa ido da ni.

Talata muka je babban asibiti. Muka bi ɗaki ɗaki, gado gado, ƙanena na dubawa yana ce mini ba shi ba. Wata ma'aikaciya ta ce mu zaga baya. Ban so ba. Akwai ɗaki can ƙarshen gini, bayan inda ake ƙona shara, mai sanyi, wanda ba na son sunansa. Mutumin wurin yana sanye da takalmin roba har gwiwa, yana cin gyaɗa a bakin ƙofa.

Ya ce akwai mutum huɗu da aka kawo daga hanyar nan, har yau ba wanda ya zo nemansu. Ya ce, "Mama, ba na shigar da tsofaffi, abin ba na kallo ba ne. Shi ma baban nan ya tsaya. Ba ni hoton."

Ya shiga. Ban san minti nawa ba, ni dai na zauna a kan wani bulo. Ƙanena yana ta share gumi.

Ya fito yana kaɗa hoton. Ya ce, "Akwai dogo guda ɗaya, girarsa a tsage. Har gabana ya faɗi. Amma nasa a dama yake, naku kuwa ga shi a hagu. Na duba sau biyu. Ba naku ba ne."

Amarya, ban san lokacin da na kama hannun mutumin nan ba, da warin maganinsa da komai. Ƙanena ya ce shi bai taɓa lura ma yaron yana da tabo ba, ka ji mai aski. Mutumin ya ce wuri ya cika, ranar Alhamis za a kwashe su in ba mai su. Na ji tausayin iyayensu mata, duk inda suke. A hanya na ce ɗari biyar ɗin nan ita ce kuɗin da na fi kashewa a kan daidai tun da aka haife ni. Ba don tabon ba da yanzu an ɗora mana gawar wani.

Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Me ya sa kika tsaya? Rubuta mana. Tawadar ce ta ƙare?

Amarya?

Asabar, kwana ashirin da ɗaya, da azahar

Ban gama sallar asuba ba na ji ƙofa. Amarya ta fita ba ta ce ina ba. Sai yanzu ta dawo. Ta tsaya a tsakar gida da mayafi a hannu ta ce, "An kwashe su tun Alhamis. Ma'aikatan gari ne suka zo da mota. Mutumin asibitin ya ce bai san inda suka kai su ba, ba a sa alama."

Na ce su wa?

Ta shiga ɗaki. Na kira ta ta zo ta rubuta, tunda mutumin ofis ya ce komai. Ga ta nan.

Dogaye nawa ne a duniya. Bokiti nawa ne.

Lahadi, kwana ashirin da biyu, da hantsi

Ba mu je ko'ina ba. Ba mu tambayi kowa ba.

Laraba, kwana ashirin da biyar, da la'asar

Kwana biyu Amarya na kwance da zazzaɓi, yau ta iya zama. Na ce ta bari sai ta warware, ta ce a'a, in faɗa.

Jiya da rana na shiga ɗakinta da ruwa a kwano. Ba ta ci ba, ba ta ce mini ga laifina ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Na zauna bakin gadon ina fuskantarta, kwanon a hannun dama. Na miƙa ɗaya hannun ina shafa mata goshi. Ban yi tunani ba, hannun ne ya tafi da kansa inda ya saba, babban yatsa a kan gira, yana neman tsagar.

Babu tsaga a nata. Amma yatsan ya tsaya a wurin.

Na ce, "Amarya, wane hannu ne wannan nawa?"

Ta ce, "Hagu, Inna."

Na ce, "Wace girar taki ce yake kai?"

Na ji ruwan ido ya bi ƙarƙashin tafina.

Ta ce, "Ta dama."

Shekara arba'in da ɗaya ina kallonsa. Ban taɓa tsayawa a bayansa na duba ba. Kullum gaba da gaba, ina ba shi nono, ina wanke masa fuska, ina yi masa faɗa. Yaron nan mai hoto ya tambaye ni da kyau, hagunsa ko damansa. Na ji shi sarai. Ni nawa na ba shi.

Kwanon bai zube ba. Na ajiye shi a hankali, na fita na zauna a bakin ƙofar da ke kuka har rana ta juya.

Ba na cewa shi ne. Rubuta wannan. Ban gani da idona ba, ba na cewa shi ne.

Alhamis, kwana ashirin da shida, kafin magariba

Na ce Amarya ta raka ni wurin mai hoto. Ta riƙe mini hannu a tsallaka titi, ba ta saba ba, ban hana ta ba.

Yana ganinmu ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya ce, "Mama, an dace?"

Na ce nawa ne a ɗauke tabo daga nan a mayar nan.

Ya dubi Amarya. Ban san me ta yi masa da ido ba. Ya ce ba komai, aikin minti biyar ne, kyauta. Mai agogo da ya fara leƙowa zai yi wasa ya koma cikin shagonsa.

Ya gyara, ya juyo mini kwamfutar. Ban kai fuskata ba, na gaji da yarda da idon nan. Na miƙa hannun hagu na ɗora a kan gilashin, na ce Amarya ta duba. Ta ce yatsan yana kan tabon.

Ya ce, "Guda nawa zan buga? Hamsin kuma? Zan yi miki ɗari ɗari, takarda kawai ki biya."

Na ce guda ɗaya. Babban nan.

Wani ya hau bene, ƙura ta zubo masa a ka, bai hure ba. Can ya ce dubu biyar.

Na ce, "Ranar nan takwas ka ce."

Ya ce, "Mama, ki bari."

Na ce tawada ba ta sauko ba, takarda ba ta sauko ba, mai agogo bai zama waliyyi ba. Takwas ka ce. Na kwance bakin zani na juye masa abin da ya rage na gwangwani, Amarya ta ƙirga, ya kai, har da canjin mota. Ido kuma ya zauna yadda yake, na ga abin da zan gani.

Ya ce jibi in aiko a karɓa. Ya tambaya ko a rubuta wani abu a ƙasa, suna ko rana. Na ce kada a rubuta komai, ban san rana ba.

Har mun juya na dawo. Na ce, "Ɗan nan, ka ce wankewa kuke ce wa aikin naku ko?"

Ya ce eh, Mama.

Na ce, "To ka wanke mini shi da kyau. A hankali, kada ka yi sauri. Ban sani ba ko can sun yi masa wanka."

Sauran hotunan suna can a tasha da jikin teburin mai shayi, da lambarki a ƙasa. Amarya ta ce ko ta je ta ciro su. Na ce ta bar su. Wannan mutumin mai tabo a hagu ba a haife shi ba, babu abin da zai same shi a hanya.

In kin karɓo jibi, kada ki rataye shi saman gadona, wurin yana yoyo. Ki nemi bango mai bushewa. Ƙasa ƙasa, inda hannuna zai kai.

Rufe littafin, 'yata. Na gaji.